Inda Fitila Ke Mutuwa

Babana Labbo mahaƙin rijiya ne,
rabin Bakura ruwan daginsa take sha.
Kafin ya sauka sai ya ɗaura aci-balbal a igiya,
ya zura ta gaba uku, gaba bakwai, gaba tara.
In harshenta ya tsaya, ya bi bayanta.
In ya lanƙwashe ya mutu, ya naɗe igiya,
ya ce wa mai gida a sake shawara.

Yau ga shi a gado na shida, ɗakin maza, Gusau,
dantsen da ke fasa marmara ya koma sillen kara.
Likita ta ɗaga hoton cikinsa wajen taga,
ga ƙarin nan kamar ƙwallon giginya,
gefensa fari, tsakiyarsa baƙi ƙirin.
Ta ce ya yi girma har ya tsere wa jijiyoyinsa,
jini ba ya kai wa can, balle iska.
Magani kuwa ɗan haya ne, jini yake hawa,
inda hanya ta ƙare nan yake sauka.
Gashin ma sai da iska yake ci, kamar kowace wuta.

Baba bai ce uffan ba sai da ta wuce.
"Kulu, mi tac ce?"
Na ce, rijiya ce, Baba, fitila ba ta kai ƙasanta.

Da dare, ƙarin ruwa na ɗiga, janareta na tari,
ya ce in gaya masa abin da nake yi a makaranta
da har ya sayar da bijimi biyu dominsa.
Na ce ina kiwon abin da ido ba ya gani.
Ka tuna baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai
da kake fitowa da ita a farce, Inna na faɗa?
Akwai masu rai a cikinta.
Iskar da muke roƙo, su dafi ce gare su.
Nakan kunna kyandir a cikin kwalba, in rufe,
in jira ya mutu, sannan su fara walwala.

Masana sun ce, tunda haka ne,
a cire musu haƙora, a tura su cikin ƙarin,
su sauka can inda magani ya juya,
su ci daga ciki kamar gara a azara.
In sun taso bakin nama mai lafiya,
iskar jini ta tare su, su tsaya.

Ya daɗe yana kallon silin.
"To wa ka riƙe musu igiya?"
Na ce akwai allurar da ke kashe su in sun yi tsaurin kai.
"A samu mai riƙo na ƙwarai.
Ƙanena Nomau ba zurfi yak kashe shi ba,
mai igiya ne yat tahi shan hura."

Sai ya tambayi abin da nake gudu.
Na ce bai iso nan ba, Baba.
Can ma gwaji ake, mutum ɗai-ɗai,
wani ya ji sauƙi, wani zazzaɓi ya kayar da shi,
gefen ƙarin kuma yakan tsira ya sake toho.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ashe ba su cim ma ruwa ba, danshi suka ji.
Danshi ma labari ne, ɗiyata.
Kar ku hito."

Na gyara masa matashi, na ɗauki hannunsa.
Wata biyar rabonsa da rami,
amma a ƙarƙashin farcen babban yatsa
har yanzu akwai ɗan layin baƙi.
Ga soso, ga ruwan ɗumi a roba.
Na bar shi yadda yake.